Daminar da Inna Ta Maƙale a Sabo

Ruwan bana ya ƙi ɗaukewa. Yayyafi ya tsaya, mamako ya karɓa, zannuwan da na shanya har sun fara wari a kan igiya. Jiya da hantsi jikata Rukayya, wadda ke shirin komawa makaranta Zariya, ta zauna a gefen tabarmata tana latsa waya. Sai ga muryar wata mata tana karanta hasashen yanayi na mako: inda za a yi ruwa, hanyoyin da direbobi za su yi hattara, da garuruwan da masu asma da masu yawan atishawa za su kula da kansu. Da Hausa kuma, tar da ita.

"Kaka, Ilori ruwa, Neja ruwa, amma daga Kaduna sama garau take. Ranar Asabar zan tafi."

"Shi ke nan? Waya ta ce ki tafi, sai ki tafi?"

"To me zai hana ni?" Ta yi dariya, ta ƙara wata magana da Yarabanci, ta tashi haɗa jakarta.

Na bi ta da kallo. Zuciyata ta riga ta tafi wata damina, ta shekarar da aka fara yaƙin basasa, lokacin da mahaifiyata ta zo Badun yi mini wankan jego, fita ta gagare ta.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Gumel. Aure ya kawo ni Sabo, unguwar Hausawa ta Badun. Mai gidana, Malam Garba, Allah ya jiƙansa, ɗan goro ne, yana ƙarƙashin wani Alhaji mai saukar da fatake, kuma a cikin babban gidan Alhajin aka ba mu ɗaki ciki da falo. Bisa al'ada ni ya kamata in tafi gida goyon ciki. Amma na sha yin ɓari kafin wannan cikin, unguwarzoma ta ce idan na hau mota a wannan hanyar, ba da ɗa zan sauka ba. Sai aka aika wa Inna. Ta bar gayaunarta da awakinta a hannun yayana Audu, ta biyo motar goro bayan babbar salla. Ba ta taɓa wuce Kano ba a rayuwarta. Ta ce da an yi arba'in za ta koma, ta tarar da shuka ba ta yi nisa ba.

Na haifi Habibu ana cikin ruwan fari. Inna ta kama aikin da ta zo yi. Da asuba ta hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta yi mini wanka har jikina ya yi ja, ta dama kunun kanwa, ta gasa cibiyar yaro. Da yamma a sake. Icen Badun kuwa ba ya bushewa da damina. Sai ta durƙusa tana busa, hayaƙi fari mai kauri yana shiga idonta, ta juya ta yi tari, ta sake durƙusawa.

Da atishawa abin ya fara. Sai ta jera ta ba adadi, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, hanci yana zuba. Muka ce mura ce ta canjin gari. Aka yi suna, mura ba ta tafi ba. Daga baya na fara jin wata 'yar ƙara a ƙirjinta in tana numfashi, siririya kamar kukan 'yar kyanwa. Kwanciya ta gagare ta. Ta koma barci a zaune, ta jingina da ƙullin kayanta.

Wanda bai zauna ɗakin Sabo na wancan zamani da damina ba, ba zai gane ba. Bango gumi yake yi. Fumfuna baƙa-baƙa ta bi kusurwa, ka kankare yau, jibi ta dawo. Gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa, tabarma in ka ɗaga ta ƙasanta ya yi kore. Rufin kwano ya yi tsatsa, ruwa na dukansa har ba ka jin maganar na kusa da kai. Kwata ta cika ta shigo tsakar gida. Ni na saba, ko tari ban yi. Inna kuwa mutuniyar rairayi ce, inda ruwa in ya sauka da safe, kafin azahar ka zauna a ƙasa.

Iya Sikira ce ta fara gane abin. Bayarabiya ce mai sayar da itatuwan magani a bakin unguwar Mokola, tana shigowa gidajen Sabo da kwandonta, tana jin Hausa gwargwado. Ta kara kunne a bayan Inna ta saurara.

"Pele o, sannu Mama. Wannan ba mura ba ne. Fuka ce. Iskar garin nan ba ta son ki."

"Ni ma ba na son ta," in ji Inna.

Iya Sikira ta kwashe da dariya har da tafa hannu, washegari ta kawo agbo, jiƙon saiwoyi mai ɗaci a cikin kwalba. Inna ta sha, ta yamutsa fuska, ta gode. Ya ɗan sassauta tarin, amma ƙarar ƙirjin tana nan.

A zauren Alhaji akwai akwatin rediyo. Duk ranar Lahadi bayan la'asar, in an gama labarai, wani mutum yakan karanta yadda yanayi zai kasance a ƙasa baki ɗaya cikin makon, domin matafiya da direbobi. Da Turanci yake yi. Fatake sukan cika zauren, saboda a lokacin yawancin hanyar Arewa ba kwalta, in aka yi ruwa mai yawa sai a sa shinge, mota ta kwana da goro a ciki. Malam Garba yana jin Turancin buroka, shi yake fassara musu. Da Inna ta ji labari, ta ce mini, "Ki ce wa mai gidanki, in ya ji na wajenmu, ya faɗa miki."

Tsakaninta da shi akwai kunya irin ta da. Yakan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bayan labule ya gaishe ta, ta amsa ƙasa-ƙasa, magana ta ƙare. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba su taɓa haɗa ido ba. Don haka ranar Lahadi sai ya zo bakin ƙofa ya ce, "Hajara, mai rediyo ya ce za a sami ruwa a Kano da Nguru a tsakiyar mako." Ni kuma in juya in maimaita wa Inna, wadda ke zaune taku ɗaya daga labulen, fuskarta a bango, ta ji komai.

"Ya ce Gumel?"

"Malam, ya ce Gumel?"

"Nguru ya ce."

"Inna, Nguru ya ce."

"Nguru ba Gumel ba ce." Sai kuma ta ce, "Amma in ya sauka a Nguru, iska takan kawo mana shi. Da Audu zai yi hankali, da yanzu ya sa mini gyaɗar."

Da wannan take rayuwa mako guda. In an ce an yi ruwa, ta wuni tana lissafin inda gero ya kai, ko ya fara rufe kaza, ko an yi noman fari. In an ce sama garau, ta damu, ta ce shuka za ta ƙone. Sannan a ƙarshe kullum Malam ya faɗi na Badun, kuma kullum abu ɗaya ne: ruwa, hadari, ruwa. Wannan ba na maimaita mata.

Ana saura kaɗan mu yi arba'in aka ce an fara yaƙi. Dama tun kafin nan gari ba daɗi. Ana ta raɗe-raɗin za a ce 'yan Arewa su bar ƙasar Yarabawa, wasu sun kwashe iyalinsu tun hanya na buɗe. Malam ya riga ya yi magana da direban da zai tafi da Inna, har ta wanke kayanta ta ƙulle. Ranar tafiya muka zauna jira tun safe. Da azahar ya shigo ya tsuguna a bayan labule.

"Hajara, ki ce wa Inna ta yi haƙuri. Soja sun karɓe motar a Mokola. Sun sauke goron a bakin titi, sun tafi da ita har da direban."

Inna ta jawo kayanta ta jingina. Ba ta kwance ƙullin ba kuma. Tun daga ranar, in tana son zane sai ta zaro shi ta gefe, ta sake ɗaurewa.

Motoci suka yi wuya, mai ya yi wuya. Wadda ta samu fita, sai an yi mako biyu ba a ji ɗuriyarta ba. Aka ce shingen soja ya cika hanya, aka ce gadar Jebba ba a haye ta sai da takarda. Fataken da suka zo da niyyar kwana kaɗan suka maƙale a gidan Alhaji, zaure ya cika, har a baranda ake kwana. Goro ya taru ba mai ɗauka. Goro kuwa ba a barinsa haka nan, sai an riƙa buɗe huhun da aka ƙunshe shi ana tsince wanda ya lalace, ana sauya masa ganye. Maza suka wuni suna wannan aiki a tsakar gida, tsohon ganyen mai danshi ana tara shi a bayan tagarmu. Sai da Malam ya lura duk ranar da aka buɗe huhuna numfashin Inna yakan fi tsanani, sannan ya kwashe tarin ganyen da hannunsa, cikin ruwa, ya kai bayan gari.

Abincin Arewa ya yanke. Gero ya ɓace, dawa ta ɓace, kuka da daddawa sai wadda ta ɓoye 'yar kaɗan a ƙasan tukunya. Mu matan gidan muka haɗa murhu ɗaya muna dafa wa baƙi, don ba wadda za ta iya ita kaɗai. Wata na fere doya, wata na tuƙa teba, wata na fifita jiƙaƙƙen ice. Inna ba ta iya zama kusa da hayaƙin, sai a kai mata ganye bakin ƙofa ta tsinke. Ranar da aka miƙa mata ewedu ta juya shi a hannu ta ce, "Ai lalo ne wannan. Har nan ka biyo ni?" Ranar ta ci abinci da ɗan dama. Sauran ranaku kuwa loma kaɗan take yi ta ture kwanon. Na dama mata kunun masara, ta kurɓa ta ce ba shi da nauyi a ciki. Wuyanta ya fito, awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Sai wata Lahadi Malam ya zo bakin ƙofa ya tsuguna.

"Hajara, yau ba a karanta ba."

"Ko batir ne?"

"A'a. An yi labarai, aka sa kiɗan soja."

Mako na gaba ma haka. Wasu a zaure suka ce an hana ne don kada jiragen ɗaya ɓangaren su san ranar da sama za ta washe. Wasu suka ce mutumin ne ya gudu garinsu. Ba wanda ya san gaskiya. Inna dai ta ci gaba da gyara zama in la'asar ɗin Lahadi ta yi, ta juya fuska bango, ta jira. Daga baya ta daina.

A ƙauyenmu ita ake tambaya kafin a shanya hatsi. Ta fito ta dubi gabas, ta shaƙi iska, ta ce a shanya ko kada a shanya, kuma da wuya ta kuskure. Da rediyo ya yi shiru sai ta fara jan jiki zuwa bakin ƙofa tana duban ɗan sararin da rufin kwano ya bari. Wata safiya rana ta ɗan leƙo, ta dubi gabas ta ga fes.

"Ku fito da kayanku, 'yan nan. Yau ba ruwa."

Matan gidan suka yi murna, aka fito da katifu, da zannuwan jarirai, da garin rogon da ya fara danshi. Kafin a gama shimfiɗawa hadari ya taso ta bayan gida, ta yamma, inda ba ta duba ba, ya sauke kamar da bakin ƙwarya. Aka yi ta guje-guje. Inna ta koma ciki ta zauna.

"Garin da ruwa ke zuwa ta bayan mutum," ta ce. Ba ta ƙara duban sama ba.

Da mota ta gagara, Malam ya ce a gwada jirgin ƙasa. Shi ma ya zama sai ranar da aka gan shi, tunda yawancin ma'aikatansa sun koma garuruwansu tun rikicin bara. Aka ce ana sa ran ɗaya ranar Alhamis. Na goya Habibu, Malam ya ɗauki ƙullin, muka tafi tasha tun da sassafe. Mutane maƙil, yawanci namu, mata da yara da buhuna, kowa ya kafa ido a kudu. Rumfar ba ta ɗauke mu duka ba. Ruwa ya zo ya wuce, ya sake zuwa. Na rufa wa Inna mayafina, ya jiƙe, ya zama nauyi kawai.

Bayan la'asar jirgin ya iso. Mutane suka yi ca. Sai muka ga kowane tarago soja ne, har a bakin ƙofa. Yara ne ƙanana, wasu ko gemu babu. Aka ce ba farar hula ko ɗaya. Wani daga cikinsu ya leƙo ta taga, ya ga Inna a tsaye tana haki, ya ɗaga murya.

"Iya, ki sa mu a addu'a!"

Ta ɗaga masa hannu. Ta so ta amsa, numfashin bai kai ba. Jirgin ya ja ya tafi Arewa, muna tsaye muna kallon bayansa.

Kafin mu iso gida leɓɓanta sun yi duhu. Ta dafa bango da hannu biyu, kafaɗunta na hawa suna sauka, wuyanta na lotsawa duk jan numfashi. Na aika aka kira Iya Sikira. Tana gani ta ce agbo ba zai yi ba, a nemo tasi. A asibiti aka yi mata allura, muna zaune muka ga ƙirjin yana saki a hankali. Nas ɗin ta yi dogon bayani da Yarabanci, Iya Sikira ta taƙaita mana.

"Ta ce asma ce. Ta ce allura tana kwantar da shi, ba ta kore shi. Danshi ne da fumfuna da hayaƙi. Ku kai ta inda ƙasa ta bushe."

"Ki ce mata mun sani," in ji Malam.

A cikin wannan hali aka ce sojojin ɗaya ɓangaren sun iso garin Ore, ba nisa da mu. Sabo ta tsaya cik. Dattawa suka hana kowa fita unguwa ba dalili, maza suka riƙa zama a bakin lunguna. Ba gaba, ba baya. Ina shayar da Habibu ina sauraron ƙirjin Inna, in na ji ƙarar ta yi yawa gabana ya faɗi, in na ji shiru ya fi faɗuwa. Ni na jawo ta nan. Wannan tunanin bai bar ni ba ko a salla.

Sai wani tsoho cikin baƙin Alhaji ya rasu, mutumin Haɗeja, zazzaɓi na kwana kaɗan. Aka kai shi da hantsi. Da maza suka dawo, taɓo har gwiwa, suna wanke ƙafa a tsakar gida suna magana. Ɗaya ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, ana haƙa kabari ruwa na tasowa, sai da aka riƙa kwarfe shi da ƙwarya kafin a sa mamacin. Tagarmu a buɗe take. Na tashi zan rufe, Inna ta riƙe mini zane.

Da Malam ya zo gaishe ta bayan azahar, ya tsuguna a bayan labule kamar kullum. Inna ta miƙa hannu ta yaye labulen da kanta.

"Garba."

Ni na firgita, shi ya fi ni. Ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"Ɗago ka dube ni. Kunya ta masu numfashi ce." Ta tsaya ta ja iska. "Na ba ka 'yata ban tambaye ka komai ba. Yau ina roƙonka. Ka fitar da ni."

"Inna, hanyar ce..."

"Ban tambaye ka hanya ba. In a hanya zan mutu, ka haƙa mini inda ƙasa ta bushe, ka wuce. Amma kada ka bari a kwarfe mini ruwa da ƙwarya."

Ya ɗago ya dube ta.

"To, Inna. In Allah ya yarda."

"Allah ya yarda. Kai nake jira."

Daga ranar Malam bai ƙara taɓa goro ba. Da safe ya fita, sai magariba ya dawo a jiƙe, ya bi tasha, ya bi karar shanu, ya bi duk wanda aka ce ya san wani. Ana cikin haka aka ce an kora waɗancan daga Ore, gari ya ɗan saki. Sannan ya samo wani direba mutumin Ilori, mai takardar izinin ɗauko wa barikin soja shanu daga Arewa. Motar za ta tafi ba kaya. Direban ya ce wuri ɗaya ne a gaba, na tsohuwa, kuma dole namiji nata ya bi ta, don in wani abu ya faru a hanya shi ba ruwansa. Malam ya ce shi zai hau baya.

Da na ji, na ce ni ma zan bi su. Na ce zan zauna a baya da Habibu, ruwa ya dake mu, ba komai. Rabona da gida tun da aka kawo ni. Na yi kuka, na yi magiya. Malam ya ce takardar ba ta ɗauki mace da jariri ba, kuma bayan motar shanu ba wurin ɗan wata huɗu ba ne. Na juya wajen Inna ko za ta sa baki.

"Ki zauna," ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Da safe ana yayyafi suka tafi. Matan gidan suka rako ta har zaure, Iya Sikira ta cusa mata kwalbar agbo a hannu. Inna ta karɓi Habibu ta shinshina kansa, ta tofa masa addu'a, ta miƙo mini. Ba ta dube ni ba, ni ma ban iya dubanta ba. Aka ɗaga ta aka sa a gaban mota. Malam ya haye baya ya rufa buhu a ka. Motar ta gangara ta nufi Mokola, ta sha kwana.

Daga nan sai shiru. Ba waya, ba wasiƙa, ba wanda ya zo daga Arewa balle a tambaye shi. Na koma ɗakin nan ni da jariri da bango mai gumi. Wurin da take jingina ya bar alama a jikin bangon, na kasa gogewa. In an yi sallama a zaure sai in miƙe, in ji ba muryarsa ba ce, in zauna. Mako ya wuce, wani ya bi shi, wata ya cika. Na fara raba dare da tunanin wani wuri a gefen hanya, da tudun ƙasa sabo, da mutum ɗaya a tsaye. Ruwa ya fara ja da baya, ana kwana biyu ba a yi ba, mata suna shanya ba fargaba. Ni ban ji daɗin ranar ba.

Wata Laraba da hantsi ina wanke wa Habibu kaya, na ji ana hayaniya a zaure, ana "maraba, maraba". Ya shigo ya rame, ya yi baƙi, riga duk kashin shanu. Na miƙe da kumfa a hannu.

"Tana gida," ya ce. "Lafiyarta ƙalau. Ba ni ruwa."

Ya sha, ya zauna a bakin ƙofa ya ba ni labari. Ya ce har Ilori bai sa rai ba, duk shingen da aka tsaya sai ya sauko ya leƙa ya ga ko tana motsi. A Jebba suka kwana biyu kafin a bar su su haye. Bayan sun wuce Kontagora ya leƙa ya ga ta kwanta a kan kujera, ta miƙe ƙafa a cinyar yaron mota, tana barci da minshari. Direba ya ce a tashe ta, Malam ya ce wanda ya taɓa ta sai sun yi faɗa. A Zariya ta farka ta ce a nemo mata fura. Daga Kano suka bi wata motar, ta ce ba zai hau baya ba, a gefenta zai zauna.

"Hajara, tun daga Kano har ƙofar gidanku Inna ba ta rufe baki ba. Ni da kafin ranar da ta yaye labule ban taɓa jin jimla biyu daga bakinta ba."

"Me take ce maka?"

"Komai. Yadda kika faɗa rijiyar lambu aka ciro ki da guga. Yadda kika ciji malamin allo." Ya yi murmushi, karo na farko tun shigowarsa. Ya ce dawowar ce ta ɗauki lokaci, sai da ya jira motar shanun ta cika. Audu ya sa gyaɗar, ta yi kyau, Inna ta aiko mini da ita da gero da daddawa, suna zaure.

Na ce, "Ba ta ce komai a kaina ba? Don na roƙe ta in bi ta, ko dubana ba ta yi ba."

Ya goge fuska da hannun riga.

"Na tambaye ta. Na ce Inna, Hajara ta ji zafin barinta. Ta ce da ta dube ki, da ba ta iya hawa motar ba. Ta ce kuma in daina damuwa da ke, garin ba zai yi miki komai ba. A tsakiyar damina ta haife ki, ana ruwa kwana da kwanaki, ɗakin na yoyo, aka tara ƙwarya a kanku. Ta ce ita ce baƙuwa a ruwa, ke 'yar gida ce." Ya dube ni. "Ashe shi ya sa take kiranki Marka, ba ki taɓa faɗa mini ba."

Tun ina yarinya rabon da in ji wannan suna. Mutum ɗaya ce a duniya take kirana da shi, ita ma sai muna mu biyu. Na zauna a kan turmi, kumfa na bushewa a hannuna. Habibu ya farka a ɗaki yana kuka, ban motsa ba.

"Marka," in ji Malam, a hankali, kamar yana gwada sunan a bakinsa. "Tashi, ɗanki na kira."